Kafin Ka Zaɓi Waya da Agogon Zamani: Yadda Ake Gwada Ƙira, Sauƙin Amfani da Tsaron Zanen Yatsa

Duk kamfanin da ya fito da sabuwar waya, lambobi yake fara jerawa: girman fuska, ƙarfin kyamara, girman batir, saurin ƙwaƙwalwa. Abokin hamayyarsa shi ma ya jera nasa, mai saye kuma ya zauna yana lissafin wa ya fi wa. Amma waɗannan lambobi ba sa gaya maka yadda wayar za ta zauna a tafin hannunka, ko sau nawa za ta ƙi buɗewa idan yatsanka ya jiƙe, balle abin da zai sami kuɗinka da hotunanka ranar da ta faɗa hannun wani. Waɗannan su ne abubuwan da za mu bi ɗaya bayan ɗaya. Na fi daɗewa a kan zanen yatsa, domin a nan ne talla ta fi rufe wa mutane ido.

Mataki na farko: waya tukuna, agogo daga baya

Kada ka fara da agogo. Agogon zamani bai cika tsayuwa da ƙafarsa ba, da waya yake jingina, kuma ba kowace waya yake yarda da ita ba. Apple Watch, tun fitowarsa a 2015, da iPhone kaɗai yake aiki. Agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 na 2021 zuwa yau sun koma kan Wear OS, wato tsarin Google na agoguna, kuma ba sa haɗuwa da iPhone. Pixel Watch na Google ma haka. A cikin gidan Android ɗin ma akwai ƙananan shingaye: wasu ayyukan lafiya na agogon Samsung, irin su awon hawan jini, an tsara su ne su yi aiki da wayar Samsung. Waɗanda suke tafiya da ɓangarorin biyu su ne irin su Garmin, Huawei, Amazfit da ƙananan zoben hannu na Xiaomi, wato siraran maɗaurai masu 'yar fuska da ake ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo, ko da yake a kan iPhone sukan rasa wasu abubuwa, misali amsa saƙo daga agogon.

Ke nan idan ka zaɓi waya, ka riga ka yanke rabin hukuncin agogo. Idan kuma kai mai yawan sauya waya ne tsakanin Android da iPhone, to ka karkata ga agogon da ba ya nuna bambanci.

Mataki na biyu: rage su zuwa biyu ko uku, sannan ka duba shekarun sabuntawa

Ba a kwatanta waya goma. Ka zaɓi biyu ko uku da suke aji ɗaya kuma suka fito kusan lokaci ɗaya. Kafin ka taɓa ko ɗaya, nemi amsar tambaya guda: shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin aiko da gyaran tsaro? Google ya yi alƙawarin shekara bakwai tun daga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Apple ya bayyana aƙalla shekara biyar, kuma a aikace yakan wuce haka. Yawancin ƙananan wayoyi ba su kai nan ba, wasu shekara biyu ko uku ne, wasu kuma kamfanin bai ma faɗi komai ba.

Ka lura, daga ranar da wayar ta shiga kasuwa ake fara ƙirgawa, ba daga ranar da ka saya ba. Wayar da ta yi shekara biyu a kasuwa kuma alƙawarinta shekara uku ne, shekara ɗaya ta rage maka. Wannan batu yana da alaƙa kai tsaye da zanen yatsa, kamar yadda za ka gani a gaba, domin kurakuran da ake ganowa a tsarin kulle ta hanyar sabuntawa kaɗai ake toshe su.

Mataki na uku: ƙira, wato abin da hannu yake ji

Gani ya kori ji, riƙewa kuma ta kori gani. Idan da hali, ka riƙe wayoyin da hannunka, kuma da hannun da ka saba.

Faɗi ya fi tsawo muhimmanci. Masu talla girman fuska suke faɗa, wanda awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, amma abin da yatsunka suke zagayewa shi ne faɗin jikin wayar. Galaxy S24 faɗinta kusan milimita 71 ne, S24 Ultra kuma 79. A takarda bambancin ƙarami ne, a hannu kuwa shi ne tsakanin wayar da babban yatsanka yake kaiwa ɗaya gefenta da wadda sai ka sa hannu biyu. Gwada rubuta gajeren saƙo da hannu ɗaya. Gwada janyo sanarwa daga sama ba tare da ka gyara riƙo ba. Idan sai ka ɗan sassauta wayar ta zame kafin ka kai, ka san cewa a irin wannan lokaci ne waya take faɗuwa.

Sai nauyi. iPhone 14 Pro Max giram 240 ce, wadda ta gaje ta, 15 Pro Max, ta sauko zuwa 221 saboda an sauya ƙarfen gefenta zuwa titaniyom. Ƙaramar S24 ba ta kai giram 170 ba. Minti ɗaya ba ya nuna nauyi. Riƙe ta ka yi karatu na ɗan lokaci, ka ji ko ƙaramin yatsanka, wanda yake tallafe da ita daga ƙasa, ya fara ƙorafi. Kuma ka tuna riga za ka sa mata, rigar kuwa tana ƙara faɗi da nauyi, tana kuma rufe kyan launin da ya ja hankalinka tun farko. Saboda haka ba na ba launi da sheƙi maki mai yawa. Bayan roba ba aibi ba ne, ya fi na gilashi jure faɗuwa.

Game da ruwa da ƙura, duba alamar IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, 6 ita ce ƙoli. Ta biyu ta ruwa ce: 7 na nufin zurfin mita ɗaya na minti 30, 8 kuma fiye da haka, gwargwadon abin da kamfanin ya ƙayyade. Shi ya sa IP68 biyu ba lallai su zama ɗaya ba: Samsung yana faɗin mita 1.5 a manyan wayoyinsa, Apple yana faɗin mita 6 a nasa na baya-bayan nan. Da ruwa mai tsabta ake wannan gwaji, kuma kariyar tana raguwa da tsufa, da faɗuwa, da buɗe wayar wajen gyara. Ƙananan wayoyi da yawa IP53 ko IP54 suke da shi, wanda yayyafi da fantsama kawai yake tarewa.

Mataki na huɗu: sauƙin amfani

A nan ba sai an tsawaita ba, gwaje-gwaje kaɗan sun isa. Fita da wayar cikin hasken rana ka ga ko rubutu yana karantuwa, domin lambar haske mafi girma da ake tallatawa sau da yawa ta wani ɗan yanki ne na fuskar kuma ta ɗan lokaci. Rage hasken zuwa ƙarshe a wuri mai duhu ka yi karatu, saboda wasu fuskokin OLED suna ƙyaftawa da sauri idan an rage haske, kuma akwai mutanen da hakan yake gajiyar musu da ido. Buɗe kyamara daga kulle ka ɗauki hoton abu mai motsi. Shiga saiti ka nemi inda ake ƙara girman rubutu, ka ga ko ka same shi ba tare da yawo ba. Duba manhajojin da suka zo da wayar: nawa ne ba ka buƙata, ana iya cire su, kuma wayar tana cuso maka talla a cikin nata manhajojin? Wannan na ƙarshe yana ɓata wa mutum rai kullum, kuma ba ya fitowa a jerin lambobi.

Batir kuwa ba a kwatanta shi da lambar mAh tsakanin iPhone da Android, domin yadda suke cin wuta ya bambanta. Nemi gwajin da aka yi wa wayoyin biyu a hannu ɗaya, da aiki iri ɗaya. Maganar igiyar caji ta yi sauƙi tun da iPhone 15 ta koma USB-C a 2023, wato irin bakin cajin da yawancin wayoyin Android suke amfani da shi.

Mataki na biyar: gano wace irin na'urar yatsa ce a wayar

Iri uku ne a kasuwa, kuma kowanne da halinsa.

Na farko shi ne wanda yake karanta tudu da kwarin zanen yatsa ta hanyar ɗan cajin lantarki. Shi ne Apple ya sa a maɓallin iPhone 5s a 2013 da sunan Touch ID. Ba ita ce wayar farko mai karanta yatsa ba, Motorola Atrix ta riga ta a 2011, amma daga 5s ne abin ya zama ruwan dare. Yau za ka same shi a maɓallin kunnawa na gefe a ƙanana da matsakaitan wayoyi da kuma masu naɗewa, ko a bayan tsofaffin wayoyi. Yana da sauri kuma ba ruwansa da gilashin kariya da ka manna a fuska. Rauninsa ruwa ne da gumi. Na gefe yana da ƙarin matsala biyu: siriri ne, don haka ɗan yanki kaɗan na yatsa yake gani, kuma bahago sai ya yi rajistar manuni ko na tsakiya maimakon babban yatsa.

Na biyu mai haske ne, yana ƙarƙashin fuskar waya. Fuskar tana haska yatsan, wata 'yar kyamara a ƙasa ta ɗauki hotonsa. Vivo ne ya fara fito da shi kasuwa a farkon 2018. Idan ka ɗora yatsa ka ga wani da'ira ya yi haske sosai, to shi ne. Yana shan wahala da busasshen yatsa, da rana mai ƙarfi, da datti a kan gilashi, kuma cikin dare haskensa yana iya dukan ido. Hoto ne shimfiɗaɗɗe yake ɗauka, ba ya auna zurfi.

Na uku da sautin da kunne ba ya ji yake aiki. Yana aika sautin cikin yatsa, ya auna yadda ya dawo, ya fitar da siffa mai zurfi. Samsung ya kawo shi a Galaxy S10 a 2019 da fasahar Qualcomm, Google kuma ya koma kansa a Pixel 9 a 2024 bayan shekaru yana amfani da mai haske. Ba ya buƙatar haska fuska, kuma ya fi jure jiƙaƙƙen yatsa. Sai dai yana da tsirfa wajen gilashin kariya: mai kauri ko wanda ya bar iska a tsakani yana hana shi aiki.

Wurin da aka sa na'urar ma ƙira ce. A Galaxy S8 ta 2017 an ajiye ta a gefen kyamarar baya, mutane suka riƙa shafa wa kyamara yatsa, sai a S9 aka mayar da ita ƙasan kyamarar. A wayoyin yau duba ko da'irar ta yi ƙasa da yawa, inda sai ka lanƙwasa babban yatsa kafin ka kai.

Wanda yake son iPhone kuma ya san cewa sabbin iPhone ba su da Touch ID. iPhone SE ta 2022 ce ta ƙarshe mai shi, waɗanda suka biyo bayanta duk fuskar mai wayar suke karantawa.

Mataki na shida: gwada shi da yatsunka

Idan aka ba ka dama, yi rajistar yatsa ɗaya a kowace waya, ka riƙe ta yadda za ka riƙe ta kullum, ba a kwance kan tebur ba. Yayin rajistar ka riƙa juya yatsan, tsakiya, gefe da tsini. Daga nan ka buɗe ta sau goma a jere ka ƙirga sau nawa ta ƙi. Sake yi da yatsa mai ɗan danshi, sannan da wanda ka goge ya bushe ƙarau. Gwada a karkace, gwada kana tafiya. Ba wa wani ya ɗora nasa yatsan ka tabbatar ta ƙi shi. Idan ka gama, goge zanenka daga wayar kafin ka mayar.

Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga wanda aikinsa yake cinye zanen yatsa, kamar mai aikin siminti, ƙarfe, sinadarai ko yawan wanki, da kuma tsofaffi, waɗanda zanensu yakan yi laushi. Irin waɗannan hannaye wata na'urar tana karanta su, wata ba ta yi, kuma babu takardar bayani da za ta gaya maka wacce.

Kada ka ɗauki yawan ƙin buɗewa a matsayin ƙaramin abu. Wanda wayarsa take yawan ƙin yatsansa, ƙarshenta lambar sirri zai riƙa bugawa a gaban mutane, ko ya sauya ta zuwa mai sauƙi, ko ya cire kullen gaba ɗaya. Ta haka rashin sauƙi yake zama rashin tsaro.

Mataki na bakwai: auna tsaron da gaske

Tambayar da aka fi yi ita ce ko kamfani yana ajiye hoton yatsan mutum. A iPhone da wayoyin Android da suka cika ƙa'idar Google, ba hoto ake ajiyewa ba. Ana mayar da zanen wani lissafi, a kulle shi a keɓaɓɓen sashe na ƙwaƙwalwar wayar wanda sauran manhajoji ba sa shiga. Apple yana kiran nasa Secure Enclave, Samsung yana da Knox Vault a manyan wayoyinsa tun S21, Pixel kuma yana da guntun tsaro mai suna Titan. Manhajar banki ba ta ganin yatsanka, amsa kawai take samu: ya dace ko bai dace ba. A nan ne nake jan kunne game da wayoyin da ba a san asalinsu ba da kuma na jabu, domin babu mai ba ka tabbacin sun bi wannan tsari.

Ana iya yaudarar na'urar? Ana iyawa, kuma tarihi ya nuna. Kwanaki kaɗan bayan fitowar iPhone 5s, ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta ɗauki zanen yatsa daga jikin gilashi, ta ƙera na bogi, ta buɗe wayar. A 2014 masu bincike na SRLabs a Balin suka yi wa Galaxy S5 haka, suka kuma nuna abin da ya fi damuwa: wayar ba ta iyakance yawan gwaji ba, ga shi an haɗa yatsan da biyan kuɗi ta PayPal. A Oktoban 2019 aka gano cewa wasu rigunan roba masu rufe fuskar Galaxy S10 suna sa na'urar ta karɓi yatsan da ba na mai ita ba, har wasu bankuna suka dakatar da shiga da yatsa a wannan waya, sai da Samsung ya aiko da gyara. A 2023 kuma masu bincike daga Tencent da Jami'ar Zhejiang suka nuna hanyar tsallake iyakar gwaji a wasu wayoyin Android, idan wayar tana hannun maharin na tsawon lokaci tare da kayan aiki.

Abin da za a ɗauka daga waɗannan shi ne guda biyu. Ƙera yatsan bogi aiki ne mai buƙatar lokaci, ƙwarewa da zane mai tsabta, ba abin da ɓarawon hanya yake yi ba ne. Sannan iyakar gwaji da sabuntawa su ne suke rufe ƙofar. iPhone tana neman lambar sirri bayan kuskure biyar, da bayan an kashe an kunna, da kuma idan ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba. Android ma tana dakatar da yatsa bayan kuskure biyar, kuma tana neman lamba aƙalla sau ɗaya cikin awa 72. Gwada wannan da kanka a wayar da kake dubawa: ɗora yatsan da ba a yi wa rajista ba sau da yawa ka ga me za ta yi.

Yawan yatsun da ka yi wa rajista ma yana da tasiri. Apple ya ce yiwuwar yatsan baƙo ya buɗe Touch ID ɗaya ne cikin 50,000 idan yatsa ɗaya aka sa, amma yana hawa zuwa ɗaya cikin 10,000 idan biyar ne. Binciken da aka yi a Jami'ar New York da Jami'ar Jihar Michigan a 2017 ya bayyana dalili: ƙananan na'urori gutsattsarin zane suke adanawa, kuma gutsure ya fi cikakken zane saurin yin kama da na wani. Yatsu biyu sun wadatar, ɗaya a kowane hannu.

Yanzu ga abin da nake so ya fi zama a ranka. Zanen yatsa ba ya maye gurbin lambar sirri, ƙofa ce ta biyu da aka huda a ɗaki ɗaya, kuma ɓarawo ta mai rauni yake bi. Duk ingancin na'urar yatsa, wanda ya san lambarka ba ya buƙatar yatsanka. Zai buɗe wayar, ya goge zanenka, ya sa nasa. A farkon 2023 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton ɓarayi a Amurka da suke leƙen lambar mutum yayin da yake bugawa, sannan su fizge wayar su sauya kalmar sirrin asusunsa. Lamba huɗu hanyoyi 10,000 ne kacal, lamba shida miliyan ɗaya. Idan kuma ranar haihuwarka ce ko 123456, to lissafin bai ma taso ba.

Saboda haka a wajen kwatantawa ka duba wace waya ce take da kariya ga wannan hali. Apple ya kawo Stolen Device Protection a iOS 17.3 a Janairun 2024: idan wayar ba ta wuraren da ka saba, wasu ayyuka masu haɗari sai da fuska ko yatsa, lamba ba ta isa, wasu kuma sai an jira awa ɗaya an sake tantancewa. A Android akwai makamancinsa mai suna Identity Check a Pixel da sabbin wayoyin Samsung, da kuma Theft Detection Lock mai kulle fuska idan wayar ta ji alamar an fizge ta an gudu. Wayar da take da waɗannan ta fi wadda na'urar yatsanta kawai ta fi sauri.

Akwai kuma raunin da babu fasahar da ta gyara: ana iya ɗora yatsan mai barci, ana iya tilasta wa mutum. Koyi yadda ake kashe yatsa da fuska nan take. A iPhone, danne maɓallin gefe tare da ɗaya daga cikin na ƙara har fuskar kashewa ta bayyana, daga nan sai da lamba. A Android, tun siga ta 9, akwai Lockdown mai yin wannan aiki a jerin da yake fitowa wajen kashe waya, ko da yake a wasu wayoyin sai ka kunna shi a saiti, wasu kamfanonin kuma ba su sa shi ba. Wannan ma abin kwatantawa ne. Kuma zanen yatsa ba ya sauyuwa idan ya fita. A kutsen da aka yi wa ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, wanda ya bayyana a 2015, an kwashi zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Ba daga waya aka ɗauka ba, daga rumbun gwamnati ne, amma ya nuna dalilin da ya sa ajiye zanen a cikin wayar kaɗai yake da daraja.

Idan wayar ta hannu ce, gwada na'urar yatsa kafin komai. A iPhone an ɗaure Touch ID da ƙwaƙwalwar wayar, don haka maɓallin da aka sauya a wajen da ba na kamfani ba ba ya karanta yatsa. A Android kuma sauya fuska yakan buƙaci a sake daidaita na'urar da ke ƙarƙashinta.

Fuska ko yatsa?

Ba duk buɗewa da fuska ne ɗaya ba. Face ID, wanda ya zo da iPhone X a 2017, yana watsa ɗigon haske fiye da 30,000 marasa ganuwa ya auna zurfin fuska, kuma Apple ya ce yiwuwar kuskurensa bai kai ɗaya cikin miliyan ba, ban da tagwaye, 'yan'uwa masu kama sosai da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Yawancin wayoyin Android kuwa kyamarar gaba kawai suke amfani da ita, kuma wasunsu hoto yana iya yaudararsu. Android ta kasa waɗannan hanyoyi aji uku, aji na uku ne mafi ƙarfi, shi ake yarda da shi wajen biyan kuɗi. Buɗewa da fuska a Pixel 8 da waɗanda suka biyo bayanta ta kai wannan aji. Ga gwaji mai sauƙi: idan manhajar banki ko ta biyan kuɗi ta karɓi yatsa amma ta ƙi fuska, wayar da kanta ta gaya maka wanne ne mai rauni. A irin wannan waya na fi son a kashe buɗewa da fuska, domin barinta a kunne yana sauko da tsaron kulle zuwa matakinta.

Mataki na takwas: agogo da zobe

Ɗaura shi. Agogon da ya fi wuyan hannunka faɗi ba ya kwanciya, kuma idan bai kwanta ba koren hasken da ke ƙarƙashinsa ba ya auna bugun zuciya daidai. Yawancin kamfanoni suna fitar da girma biyu, kamar milimita 40 da 44 a Galaxy Watch. Duba kaurinsa idan za ka kwana da shi don awon barci. Duba ko maɗaurinsa irin na kowa ne, mai faɗin milimita 20 ko 22, ko kuwa sai na kamfanin. Mai saurin ƙaiƙayin fata ya kula da abin da aka yi maɗaurin da shi. A 2014 Fitbit ya janye samfurin Force daga kasuwa saboda ƙurajen da ya jawo wa wasu.

Wajen amfani, jiƙa yatsanka ka taɓa fuskar agogon, za ka gane amfanin maɓalli. Garmin yana da maɓallai na gaske, Apple yana da ɗan gare mai juyawa a gefe, Galaxy Watch Classic kuma zoben fuskarsa ne yake juyawa. Batir shi ne babban rabe-rabe: Apple Watch na yau da kullum da yawancin agogunan Wear OS cajin kullum ko na bayan kwana biyu suke so, Garmin, Huawei da ƙananan zoben hannu kuwa suna kai mako ko fiye. Na farko sun fi manhajoji, na biyu sun fi hutar da kai. Alamar 5ATM tana nufin ana iya iyo da shi, ba nutso mai zurfi ba. Tambayi kuma ko sai da biyan kuɗin wata za ka ga cikakken bayanan lafiyarka, domin zoben yatsa na Oura da maɗaurin hannu na Whoop haka suke, Fitbit ma ya keɓe wasu abubuwa ga masu biya. Awon da agogo yake bayarwa manuniya ce, ba hukuncin likita ba.

Fitattun agogunan nan ba su da na'urar yatsa. Tsaronsu lambar sirri ce tare da gane cewa suna ɗaure a hannu: ka buga lamba sau ɗaya idan ka ɗaura, da zarar an cire sai ya kulle. Cire agogon a gabanka ka ga ko ya kulle nan take. Apple ya bayyana cewa zanen tawada a fata yana iya rikita na'urar da take gane cewa agogon yana ɗaure. Ƙananan zoben hannu da yawa ba sa zuwa da kulle a kunne, wanda ya tsinta zai karanta saƙonnin da suka shigo.

Abu biyu nake so ka bincika sosai. Na ɗaya, barin agogo ya riƙe waya a buɗe. A Android akwai Extend Unlock, wanda a da ake kira Smart Lock: muddin wayar tana haɗe da agogon ta Bluetooth za ta iya zama a buɗe har awa huɗu. Bluetooth yana kai mitoci da dama, ke nan wanda ya ɗauki wayarka daga tebur kana ɗakin ba ya buƙatar yatsa ko lamba. Ban ga ribar da ta kai wannan haɗari ba. Na biyu, inda bayanan tafiyarka suke zuwa. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki ta fallasa siffar sansanonin soja a ƙasashe daban-daban. Hanyar da kake bi kullum daga ƙofar gidanka ma haka take iya fita idan ka bar saitin a buɗe ga kowa.

Mataki na tara: yanke hukunci, da saitin ranar farko

Kada ka tara maki ka raba. Rubuta abubuwa uku da ba za ka iya haƙuri da rashinsu ba, duk wayar da ta faɗi a ɗaya ta fita, ko da ta yi zarra a sauran. A wurina shekarun sabuntawa da na'urar da take karɓar yatsanka ba gardama suna cikin ukun, na ukun kuma ya danganta da rayuwarka: batir, kyamara ko girman da hannu ɗaya zai iya.

Ranar da ka kawo ta, fara manna gilashin kariya kafin ka yi rajistar yatsa, kuma duk ranar da ka sauya gilashin ka goge zanen ka sake. Sa lamba shida ko fiye wadda ba ta da alaƙa da ranar haihuwa ko lambar waya, kuma kada ta zama ɗaya da ta katin banki. Sauke duk sabuntawar da take jira. Kunna Find My, tsarin gano wayar da ta ɓace, a iPhone ko takwaransa na Google a Android, tare da kariyar sata. Ɓoye abin da saƙonni suka ƙunsa a fuskar kulle, domin lambobin tabbatarwa na banki ta nan suke bayyana, sannan ka sa wa layinka lambar sirri don kada a cire shi a sa a wata waya. A agogon kuma kunna lamba da kullewa idan an cire, ka mayar da bayanan motsa jikinka na sirri. Bayan mako ɗaya ka koma jerin yatsun da ke cikin wayar ka tabbatar naka ne kaɗai, kuma idan ɗaya yana yawan ƙi, goge shi ka sake rajistarsa a yanayin da hannunka ya fi zama, bushe ko da ɗan danshi.